Shekara Huɗu Babu Hatimi

Ranar da na fara shiga ofishin rajista na jami'armu a Khartum, a kan mahaifina aka fara rigima, alhali shi yana can ƙauyenmu Gafasa yana gyaran rumbu. Magatakardan ya baje takarduna a kan tebur, ya ɗora yatsa ɗaya a kan shaidar firamare, ɗaya a kan fasfo, ya dube ni ya ce da Larabci, "A nan sunanka Nafi'u Garba, a nan kuma Nafi'u Abubakar. Uba nawa gare ka?"

Na ce ɗaya ne. Na shiga yi masa bayani da guntun Larabcin islamiyya cewa a ƙasarmu duk Abubakar ana kiransa Garba. Wani dattijo siriri da ya shigo da tiren shayi ya tsaya cak, ya ce da Hausa, "Gaskiya yaron nan ya faɗa. Garba ai Habu ne." Magatakardan bai ko ɗaga kai ya kalle shi ba.

Ban ruɗe ba, don ba ranar aka fara yi mini wannan tambayar ba. Bayan na gama sakandare a Gaya, shekara uku na yi ina neman tallafin karatu. Na farko da na nema, a kan wannan sunan aka cire ni. Tun daga lokacin na sayi fayil na roba, na zuba duk abin da wani ofishi zai iya tambaya a cikinsa: takardar haihuwa, shaidar firamare, sakamakon sakandare, takardar ɗan asalin ƙaramar hukumar Ajingi, wasiƙun malamaina, hotuna, da takardar rantsuwa daga kotu mai cewa Garba da Abubakar mutum ɗaya ne. Kowacce da kwafinta. Duk inda aka buɗe neman tallafi, sai dai in ɗauko fayil in cike, ba sai na koma zagayen ofisoshi ba. Da shi na nema har na dace da gurbin karatun harhaɗa magunguna a Sudan.

Na zaro takardar kotun na miƙa masa. Bai karanta ba. Jan hatimin da ke ƙasa ya shafa da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya tattara takarduna na asali gaba ɗaya, in ban da fasfo, ya sa a wani kwali. Na ce ya ba ni abina ya riƙe kwafi. Ya ce doka ce, sai ranar da na kammala za a mayar mini. Na fito da fayil ɗina shafal, babu komai a ciki sai kwafi.

Dattijon nan yana jirana a baranda. Sunansa Baba Haruna, a Sudan aka haife shi, aka haifi ubansa. Ya tambaye ni daga ina, na ce ƙasar Kano, wajen Gaya. Sai ya ajiye tiren a ƙasa.

"Gaya? Ɗana, kakana daga Gaya ya taso da ƙafa zai tafi Makka, a nan ya tsaya. Har yanzu ana noman gyaɗa a can?"

Na ce ana yi, ubana ma ita yake nomawa. Ya yi ta dariya yana riƙe da hannuna. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, da wasu kalmomi da rabona da jin su tun rasuwar kakata. Da yamma ya kai ni unguwarsu ya saya mini agashe, wato tsirensu na can, ya hana ni biya.

Ba kowa ba ne Baba Haruna. Dillalin da ya samar mini ɗaki, ashe ya ba wa wani ɗalibi ɗakin tun kafin ni. Na iso da jakata na tarar da mutum kwance a kan katifa yana danna waya. Muka nemi dillali, ya kashe waya. Haka na san Kabiru, ɗan cikin birnin Kano, wanda ajinmu ɗaya. Ya ce, "Mutumina, tunda an cuce mu tare, mu zauna tare kawai." Muka raba ɗaki da labule.

Kabiru yana da kyauta, yana da ban dariya, amma shi da littafi sai dai gaisuwa daga nesa. Ni kuwa ba ni da wani abin yi ban da karatu. Zafin garin ba irin namu ba ne, ko ruwan famfo sai ka bar shi ya huce kafin ka yi alwala. Waken da suke dafawa da safe na ci har na daina jin ɗanɗanonsa. Abin da na fi kewa shi ne tuwon dawa da miyar kuka na Inna, da ƙamshin ɗanyar gyaɗa idan an fara cira. A mota, wani lokacin sai ka ji an faɗi wata kalma a bayanka an yi dariya, ka yi kamar ba ka gane ba. Ranar Juma'a kuma in kira Saudat, malamar firamare a Toranke, wadda a hutun shekarata ta biyu iyayenmu suka yi magana, aka tsayar cewa da na kammala za a ɗaura aure. Kullum sai ta ce, "Saura nawa, Malam Nafi'u?" In lissafa mata zangon da ya rage, ta ce Allah ya nuna mana.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai a makarantar nan. Ba sa ba ɗalibi takardar sakamakonsa. Idan an gama jarrabawa, sai a liƙa maki a allon sanarwa, bayan mako biyu a yage. Cikakken sakamako mai hatimi kuwa, sai ka kammala. An ce suna tsoron ɗalibai su karɓa su koma wata makarantar. Duk ƙarshen zango sai na je wajen magatakardan nan na roƙe shi ko da takarda ɗaya mai sa hannu. Amsarsa ba ta canzawa: "Bukra." Wato gobe. Da na ga goben ba ta da ranar zuwa, sai na koma ɗaukar hoton allon duk lokacin da aka liƙa, in tabbatar sunana da lambata sun fito, in tura a imel ɗina, in buga kwafi in sa a fayil. Kabiru ya sa mini suna Malam Fayil. Yakan ce, "Kai ko rasit ɗin burodi aka ba ka sai ka adana." Shi bai cika son tsayawa gaban allon ba, don akwai darussan da suka yi ta kayar da shi tun daga aji biyu.

Haka na gama shekara huɗu, saura ɗaya.

Cikin goman ƙarshe na azumi, da hantsi, ina wanki a tsakar gida, na ji ƙara kamar an jefo buhunan siminti daga sama. Ashe yaƙi ne ya ɓarke. Kafin azahar hayaƙi ya rufe wajen filin jirgi. Wuta ta ɗauke, ruwa ya ɗauke. Muka kwashe kwanaki a ƙarƙashin gado ni da Kabiru, muna buɗe baki da abin da ya rage a kwali. Sallah ta zo ta wuce, babu wanda ya je idi a layinmu.

Da ɗalibai 'yan Najeriya na unguwarmu suka haɗu suka yi hayar bas zuwa iyakar Masar, na ce sai na je makaranta tukuna. Kabiru ya ce hauka nake yi. Na bi ta lungu na isa. An karya ƙofar shiga, motocin masu bindiga cike da harabar. Daga inda na laɓe ina hango ofishin rajista, tagogi a buɗe, takardu a warwatse a ƙasa iska tana wasa da su, wasu an hura wutar shayi da su. Na yunƙura zan matsa sai na ji an riƙe mini riga ta baya. Baba Haruna ne, daga ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa.

"Ina za ka?"

"Takarduna, Baba."

"Koma. Jiya wani ya shiga neman nasa, har yanzu bai fito ba."

Ya ja ni ciki, ya cika mini leda da dabino, ya ba ni jarkar ruwa wadda na san ita kenan gare shi. Na ce ya zo mu tafi, akwai wuri a mota.

Ya ce, "In je ina, ɗana? A bakin iyaka za su ce in nuna takarda. Ni ba ni da wadda ta ce ni ɗan can ne. In ka isa Gaya dai, ka gaishe mini da ita."

Lambarsa na rubuce a wajena har yau. Tun da na dawo nake kira, ba ta shiga.

Hanyar arewa ba ta da abin kallo sai yashi da duwatsu baƙaƙe. Fayil ɗina na cusa shi cikin riga, na ɗaure da igiyar wando. A wani shinge aka sauke mu aka jera, wani saurayi mai rawani da bindiga ya bi layi yana karɓar wayoyi yana zubawa a bokiti. Ya taɓa cikina ya ji tauri, ya zaro fayil ɗin, yana zaton kuɗi ne. Ya buɗe ya ga takardu, ya watsar a ƙasa ya wuce. Na durƙusa ina tsintar su ɗaya bayan ɗaya, bakin bindigar wani yana saitin ƙeyata. Wata ɗaliba 'yar Katsina da ban taɓa yi wa magana ba ta take mini hoton allo guda da ƙafarta don kada iska ta tafi da shi.

Can gaba kuma, inda babu gida babu bishiya, direban ya kashe mota ya sauka ya shimfiɗa tabarma a inuwarta. Ya ce abin da muka biya na rabin hanya ne. Akwai mai ciki a motar, akwai mai ciwon sukari. Muka roƙe shi da Allah da Annabi, ya ci gaba da jan carbi. Sai da aka bi kujera kujera, masu agogo suka cire, mata suka cire 'yan kunne, sannan ya tashi ya karkaɗe tabarma.

A bakin iyaka muka zube kwana da kwanaki a filin Allah, muna raba inuwar katanga da mutanen Sudan da su ma suka gudo da tsofaffinsu. Wata mata da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa takan gutsuro mini burodi duk lokacin da ta ba 'ya'yanta. A nan Kabiru ya zaro waya daga cikin safarsa, ashe ya ɓoye ta a shingen. Caji saura kaɗan, bai kira gidansu ba sai da ya miƙo mini.

"Kira tsohonka, Malam Fayil. Namu suna da rediyo da talabijin, naka bai san halin da ake ciki ba."

Baba ya ɗauka. Ya ce, "Nafi'u? Da ranka?" Na ce da raina. Na ji ya juya yana cewa Inna, "Da ransa." Sai waya ta mutu. Wannan alherin na Kabiru ba zan ɓoye shi ba, duk da abin da ya biyo baya.

Daga ƙarshe aka bar mu muka tsallaka, aka kwaso mu a jirgi zuwa Najeriya. Na sauka a tashar Ajingi da silifas da rigar da na baro Khartum da ita. Gafasa ta cika gidanmu da 'yan barka. Kowa ya shigo sai ya ce, "Sannu Likita, an sha hanya." Mahaifin Saudat ya zo da kansa, ya ce tunda shekara ɗaya ta rage, ai kamar an gama ne, baɗi war haka sai biki.

Da aka fara ruwa na shiga neman madadin takardun asali. A nan kwafin nan suka yi mini rana. A sakatariyar Ajingi, da na nuna kwafin tsohuwar takardar, ba a ɗau lokaci ba aka yi mini sabuwa. A makarantarmu ta Gaya an canja shugaba, bai san ni ba, amma da ya ga lambata da shekarata a jikin kwafi, ya sa aka duba aka rubuta mini shaida. Wasu da muka dawo tare ko lambar jarrabawarsu ba su tuna ba, sun sha wahalar da ban sha ba. Kafin gero ya fitar da kai na sake samun duk abin da aka taɓa ba ni a ƙasar nan. Abin da ba ni da shi, shi ne takarda mai hatimi da za ta ce na yi shekara huɗu a Sudan. Na yi ta aika saƙo ga makarantar, babu amsa. Malaman da nake da lambarsu, wasu sun watsu ƙasashe, wasu ba a san inda suke ba.

Jami'o'in nan gida suka ce za su karɓi waɗanda yaƙi ya koro, kowa ya kawo cikakken sakamakonsa a ga ajin da ya dace da shi. Ana cikin haka Kabiru ya kira ni. Ya ce in same shi a Kano, akwai hanya.

Wani shago ne a bayan layin masu buga katin biki, da kwamfuta biyu da injin buga takarda. Mai shagon ya jawo aljihun tebur, sai ga hatimai jere kamar ƙwai a kwali. Ya ɗauko ɗaya ya buga a farar takarda ya turo mini. Sunan makarantarmu ne, da tambarinta. A Larabcin ma akwai harafi ɗaya da aka juya.

Ya ce, "Maki nawa kake so a sa maka?"

Na buɗe fayil na nuna masa hotunan allo. Na ce waɗannan, waɗanda na ci.

Ya yi dariya har da buga tebur. "Kai ne na farko da ya zo nan yana son a rubuta masa abin da ya ci."

Kabiru ya ja ni gefe. "Mutumina, kai fa ba ƙarya za ka yi ba. Makinka ne. Takarda ce kawai babu. Su suka hana ka, ba kai ka ƙi karɓa ba."

Na mayar da hotunan cikin fayil. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ne ya fito da ni daga shagon nan ba. Akwai shi, amma akwai kuma tunanin ranar da makarantar za ta farfaɗo a aika a tambaya, a kore ni ina dab da gamawa, ko a ƙwace lasisi bayan na tara iyali, a ce ɗan Malam Garba na Gafasa da takardar bogi yake ba mutane magani. Na ce da Kabiru zan yi shawara. Ya gane, bai ƙara yi mini maganar ba.

Ranar tantancewa na shiga gaban kwamiti a wata jami'a. Shugabarsu wata farfesa ce, dattijuwa mai farin gilashi. Ta ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana bin layin sunana da biro. Ta yi mini tambayoyi a kan darussan aji huɗu, na amsa. Ta cire gilashi ta ajiye.

"Nafi'u, ni na yarda da kai. Duk wanda ya zauna ya tara wannan ba maƙaryaci ba ne. Amma hoton allo ba takardar makaranta ba ce. Babu sa hannu, babu hatimi. Idan na sa ka a aji biyar, hukumar da ke ba da lasisi za ta dawo da kai, ta dawo da ni."

"Ranki ya daɗe, to a yi mini jarrabawa. Kowacce iri."

"Ba mu da wannan tsarin."

Wani daga cikinsu ya ce a ƙa'ida aji ɗaya zan koma. Ta yi ta ja da shi a gabana, har ta samo mini aji biyu. Ta rako ni bakin ƙofa ta ce in yi haƙuri, iyakar abin da za ta iya kenan. Na yi mata godiya, don ta cancanta. Ina saukowa daga bene saƙon Kabiru ya shigo sabuwar wayata. Wata jami'ar ta karɓe shi a ajin ƙarshe. Ya sa alamar dariya, ya ce in taya shi addu'a.

Ban iya kwana a Kano ba. Na hau motar Ajingi, daga can na hau babur. Ban shiga gida ba, na wuce gona, don na san Baba yana can ana cirar gyaɗa. Na same shi shi kaɗai a gindin ɗorawa yana karkaɗe ƙasa daga saiwa. Na gaishe shi na zauna, na gaya masa komai, har da shagon.

Bai daina aikin ba sai da na kai ƙarshe. Ya ce, "Aji biyu. Wato saura nawa kenan?"

"Huɗu, Baba."

"Su huɗun da ka yi a can fa?"

"Sun ce babu shaida."

Ya jefa gyaɗar hannunsa kan tari.

"Da ka fito daga shagon nan, ka kyauta," in ji shi. Bai faɗe ta da daɗi ba, kuma bai kalle ni ba. "Innarka ni zan gaya mata, kada ka riga ni. Amma ranar kasuwa zan haɗu da mahaifin yarinyar nan. Ya riga ya fara sayen katako na gado. Me zan ce masa?"

Tun a mota nake juya wannan tambayar. Saudat ta riga ta jira shekara biyu da ɗoriya, ƙannenta biyu suna bayanta, ni kuma ko kuɗin makarantar da zan shiga ban san inda za su fito ba.

Na ce, "Ka gaya masa gaskiya, Baba. Ka ce na ce kada a tsare ta saboda ni. Ita kuma gobe zan je Toranke in gaya mata da bakina."

Baba ya ce, "To."

Ya miƙo mini fartanya. Na cire takalmi, na kama kunyar da ke kusa da tasa, muka ci gaba da cira har rana ta faɗi.